Gwaggo da kabar da na sa aka yanke

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye, ta rasu ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar ɗaurin gero, a garinmu da ke bakin Gulbin Kaba tsakanin Agiye da Gazawa. Ina gaban ɗalibai a Maraɗi waya ta same ni. Kafin motar tasha ta cika, ta sauke ni a bakin gudro, wato titin kwalta, in sami kabu-kabun da zai ratsa yashi da ni, an riga an kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba. A lokacin na ji zafin haka, amma da na zauna na binciki zuciyata sai na tarar har da ɗan sauƙi a ciki, kuma wannan sauƙin shi ne abin kunya na farko da zan faɗa a nan.

Zaman makoki ya cika fiye da yadda na zata. Maza sun zauna daga ƙofar gida har bakin masallaci, kuma duk tabarmar da aka shimfiɗa, in ka duba bakinta za ka san hannunta ne, don ita kaɗai ke naɗe bakin tabarma sau biyu. Liman ya ce tun da ya karɓi limanci ba a taɓa yin rasuwa a garin nan ba face ta aiko da sabuwar tabarma, ko gidan wa ne, ko suna shiri ko ba sa yi. Wani dattijo mai sayen tabarmi a kasuwar Agiye ya zo a kan babur, ya zauna ya kasa ko gaisuwa, sai goge ido yake da bakin rawani. Da ya sami bakin magana ya ce a duk masu kawo masa kaya, nata kaɗai yake saye ba tare da ya warware ya duba ba.

Ni kuma aka taso mini da yabo. A wajenmu duk mai koyarwa mushe ne, ko a ƙaramin lakol yake, wato makarantar yara, ko a jami'a, don haka sai ji kake, "Mushe, sai haƙuri. Kai kam ka hidda ta kunya, kai ka kai sunanta har Maraɗi." Ina amsawa ina sunkuyar da kai, su kuwa suna ɗauka baƙin ciki ne ya sauke mini wuya.

Da la'asar na shiga cikin gida gaida mata. Aminiyar Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakin marigayiya, tsohuwar da suka yi talla tare, suka yi aure shekara ɗaya, yanzu idonta ya yi rauni. Tana jan carbi tana magana, ba da kowa ba, kuma da kowa.

"Allah shi jiƙan ta," in ji ta. "Mace mai magana guda. Tun muna ƴan mata ban taɓa kama ta da biyu ba, in ban da shekaran nan ta ƴan lakol, da ta ba da baki anka aske kabar reno. To, ɗan Adam ke nan, ba a rasa shi da tabo. Allah shi yahe mata wannan."

Mata suka ce amin. Ni ma na ce amin, da bakina, a gaban kowa.

To, Gwaggo ba ta ba da baki ba. Ni na ce ta ba da, kuma ƙarya na yi. Tabon da aka binne ta da shi nawa ne, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai zaci kaba da goriba abu biyu ne. Abu ɗaya ne, kaba goriba ce da ba a bari ta girma ba. Kowane gindi yana da ganyen gefe, kore mai kauri, wanda ake tabarma da igiya da shi, sannan akwai na tsakiya wanda bai buɗe ba, fari mai laushi, shi muke kira zuciya. Zuciya ta fi daɗin saƙa, ta fi shan rini, kuma ita ce ran gindin. In an yanke ta sau ɗaya gindi zai daure, in an maimaita sai ya tsugune, in aka zurfafa wuƙa sai ya mutu. Dokar Gwaggo gajera ce, yaro ma ya haddace ta: "A ci gehe, a bar tsaka."

Ni da kunnena na haddace ta. Ina shekara bakwai ko takwas na fizge zuciyar wani gindi don in yi abin busa. Ba ta doke ni ba, kunnena ta kama har gaban gindin, ta ce in duba abin da na yi. Daga ranar, kullum kafin in tafi lakol sai ta miƙo mini butar ruwa ta ce, "Tahi ka gaida mara lahiyarka." Na yi ta zuwa gaida kaba ina zuba mata ruwa, yaran gari na yi mini dariya, har sabon tsiro ya leƙo. Ranar ta dama mini fura da nono mai yawa kamar wanda ya ci jarrabawa.

Ba na tuna hannunta a zaune banza. Tana tafiya tana saƙa, ɗaurin kaba a hammata, saƙar na sauka ta gefenta kamar jela. Tana faɗa tana saƙa, kuma in faɗan ya yi zafi saƙar ta fi sauri. Da tabarmar roba ta shigo gari ba ta ce wa kowa kada ya saya ba, sai dai duk gidan da za ta, da tata a naɗe take zuwa, ta shimfiɗa a kan ta masu gida ta zauna, ta ce ita ba ta iya zama kan abin da ba ya shan gumi. Tana auna mutum da yadda yake tashi daga tabarma. Wanda ya tashi ya kakkaɓe ya naɗe, ɗan mutane ne. Wanda ya tashi ya bar ta a rana, ko alhaji ne, ta gama da shi. Mahaifina ƙanenta ne, da gemunsa da matansa, amma har ya rasu in ya hango ta sai ya waiwaya ya duba inda ya tashi.

Lokacin da nake karatu a Yamai ta ga goriba na ƙarewa a gulbi, manyan suna faɗuwa, ƙanana ba a bari su tashi. Ta bi mata ɗaki-ɗaki, ta je wajen mai gari sau ba adadi, har aka ware wani yanki gabas da rijiyar makiyaya aka ce ba mai sa masa wuƙa sai ya tashi ya zama itace. Shi aka sa wa suna kabar reno. Ba takarda, ba jandarma, ba shinge. Abin da ke tsaron wurin bakin Gwaggo ne kawai, da sanin da kowa ya yi cewa ko ita ba ta taɓa ɗaukar ganye ɗaya a ciki ba. Makiyaya ma da suke saukowa da rani sun san wurin, suna kewaye shi da bisashensu. A shekarar da nake ba da labari wasu gindin sun kai ƙirjin namiji, har sun fara yin jiki.

Ni kuwa na gama karatu na sami aiki a jami'a. Da aka ga yara na gamawa suna zaman jiran aikin gwamnati wanda ba ya zuwa, sai aka kafa darasin koyon kafa sana'a, aka liƙa masa kalmar da ake yayi, wai mai ɗorewa, wato sana'ar da za ta ci da mai ita ba tare da ta kashe ƙasa ko ruwa ko itacen da take ci daga gare shi ba. Aka ɗora mini. Littattafan da na samu duk misalansu na ƙasashen da ban taɓa takawa ba ne, ina karantawa yara na hamma. Wata rana, don in tashe su, na ba su labarin kabar reno, na faɗa musu abin da Gwaggo ke yawan cewa: "Sana'ar da ta cinye uwarta, marainiya ce." Masu hamma suka gyara zama. Wata ɗaliba ƴar Cadakori, mai kaifin kai da kaifin baki, ta ɗaga hannu ta ce in haka ne me ya sa muke zaune a nan, a kai su wajen tsohuwar mana.

Muka je da mota guda cike, ta kafe a yashi sau biyu, ƴan birni suka sauka suna turi da takalman fita kunya. Gwaggo ta tarbe su a bakin gulbi, ta ga kowa ya zaro kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, ta ce, "Ku aje takardun nan, yau hannu za shi rubuta." Ta raba musu wuƙaƙe, ta nuna musu ganyen da ake ɗauka da wanda ake bari. Wani dogon saurayi da ya fi kowa Faransanci ya fara da kai wa zuciya wuƙa, ta riƙe hannunsa ta ce, "Kai ɗan nan, in ka tahi neman aure, uwar yarinya kaka ɗaukowa?" Har yau abokansa ba su daina tsokanarsa da wannan ba.

Ƴar Cadakori ta tambaye ta, yadda na koya musu a aji, mene ne tsarinta na shekara biyar masu zuwa. Na fassara da ƙyar. Gwaggo ta juya ta nuna kabar reno da bakin wuƙa ta ce, "Ga shi can tsaye." A hanyar komawa ba wanda ya yi barci a mota. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba, kuma na ɗauki yabon duka na sa aljihu kamar ni na shuka gulbin.

A darasin, kowane rukuni na ɗalibai sai ya ƙirƙiro sana'a ya gwada ta kafin ƙarshen shekara. Rukunin ƴar Cadakori suka ce za su yi ƴan jakunkunan cefane da kwanduna masu murfi, na kaba, don su maye gurbin baƙar leda da ta cika gari. Matan garinmu su saƙa, ɗalibai su zana fasali su nemi kasuwa. Gwaggo ta yi musu samfur guda uku da zuciyar kabar da aka sassabe daga gonar wani, wadda dama ƙonewa za ta yi. Farare tas, da jan zare na karan dafi a baki. Da na kai buro, wato ofis, shugaban sashenmu ya juya su a hannu ya ce waɗannan ne za su zauna a tsakiyar baje kolin ƙarshen shekara. Manyan baƙi za su zo daga Yamai, yana so a cika tebur, kuma kowane baƙo ya tafi da ɗaya. Na ce an gama. Ban tambayi kowa ba, kuma ba zan ɓoye ba, ƙarin girma nake hange.

Na same ta da yamma a ƙofar ɗakinta, na faɗa mata yawan da ake so. Ta yi dariya.

"Da kabar gehe, ko ɗaki kuka so in cika muku."

"Fara ake so, Gwaggo, irin ta samfur."

"Babu ita."

"Akwai a reno."

Ta ajiye saƙar a cinya, abin da ba ta cika yi ba. Ta dube ni ta ce, "Mushe, mi kake koya ma ɗiyan mutane can?"

Na shiga kawo hujja. Na ce yanka ɗaya ba ya kashe kaba, ita da kanta ta sani. Na ce in kayan suka karɓu kasuwa za ta buɗe wa matan garin nan har Yamai, su daina sayar da wahalarsu a wulaƙance. Na ce dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Duk abin da na faɗa akwai gaskiya a ciki, shi ya sa na faɗe shi da ƙarfi.

"Gaskiyarka," in ji ta. "Sau guda ba shi kashe kaba. Doka shika kashewa. Ran da na ce a shiga don ɗana, da wane baki zan hana ɗan wata?"

Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin zafi a fuska. Na ce duniya ta ci gaba, ba za a zauna ana gadin ciyawa yara na yawo ba aikin yi ba, kuma akwai abin da sai wanda ya yi karatu yake ganewa. Ta ɗauki saƙarta ta ci gaba, ta ce akwai fura a ɗaki. Na tashi ban sha ba, ban kuma naɗe tabarmar da na zauna a kai ba.

Bayan mako biyu ƴarta, taubashiyata, ta haihu a Gidan Sori inda take aure, Gwaggo ta tafi zaman jego. Kwana arba'in za ta yi. Na ji labari, na lissafa kwanakin da suka rage kafin baje koli, Shaiɗan ya zauna kusa da ni ya taya ni lissafi. Ranar Juma'a na sauka gari, na tara masu saƙa a gidan aminiyarta, na ce na yi magana da Gwaggo ta waya, ta ce saboda yaran nan a shiga reno sau ɗaya.

Aminiyarta ta karkato kunne ta ce, "Ita ta ce?"

Na ce, "Ita ta ce."

Ta sake tambaya, na sake amsawa. Ba wadda ta yi shakka bayan haka, don wa zai zaci mutum zai yi wa wadda ta goye shi ƙarya? Kwana uku aka yi ana yanka. Na ce a bi a hankali, amma wuƙa da yawa ba ta san hankali ba, ga gaggawa, ga wurin da aka daɗe ana kallo ba a taɓawa. Gindin da suka fi tsayi su suka fi ba da farar zuciya, su aka fi zurfafa wa. Ina tsaye a inuwar wani gawo ina kallo, na ga abin da ake yi sarai, ban ce a tsaya ba.

Baje koli ya yi kyau, ba zan yi ƙarya a kan wannan ba. Tebur ya cika, baƙi suka yi ta shafa kwanduna suna tambaya. A bango an kafa babban hoton Gwaggo da wuƙarta a hannu, a ƙasa an rubuta maganarta ta marainiya da Faransanci. Na hau na yi jawabi a kan hikimar iyayenmu mata, aka tafa. Rukunin ƴar Cadakori suka zo na ɗaya, yarinyar ta yi kukan murna, ta ce in kai wa tsohuwa godiya. Su ɗaliban ba su san komai ba, sun ɗauka da izini aka yi.

Taubashiyata ce ta rako Gwaggo gida bayan arba'in, ita ce kuma ta kira ni. Tsakanina da ita tun muna yara ba gaisuwa sai tsokana, ko a makoki muka haɗu sai ta nemi abin da za ta ce wa kaina ko tumbina. Ranar ta yi sallama cikakkiya, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na san ba lafiya.

Ta ce tun daga nesa Inna, haka take kiran Gwaggo, ta ce a tsayar da amalanke. Ta sauka ta shiga reno, tana bin gindi ɗaya-ɗaya tana sa yatsa a tsakiyarsu. Mata suka hango ta suka taho yi mata sannu da zuwa, aminiyarta ta ce, "Mun yi yadda kika aiko." Inna ta ce, "Wa ya kawo saƙon?" Suka ce, "Ɗanki." Ta dubi ƙasa, sannan ta ce, "I, ni na aiko shi."

"Kwana arba'in muna ɗaki guda," in ji taubashiyata. "Ko sau guda ba ka kira ba. Na ce zan hwaɗa musu, ta rantsar da ni kada in buɗe baki. Ni ta rantsar. Kai ba ta rantsar da kai ba." Ta kashe waya.

Hausawa suka ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Da rani ya zagayo wata ta shiga reno neman farar kaba don kayan ɗakin ƴarta, ta ce sau ɗaya ne. Wata ta bi. Kafin damina mutanen wasu garuruwa sun ji an buɗe, suka zo da amalanke. An ce Gwaggo ta fita sau ɗaya ta tare wata matashiya da ɗauri a ka, matar ta ce, "Haba Inna, ai ke kinka buɗe ƙohwa." Ta juya ta koma gida, daga ranar ba ta sake hana kowa ba. Sai dai a ga ta da safe tana jan ƙaya, tana kewaye ɗan abin da ya rage, gindi biyar ko shida, awaki na bi suna turewa. Yau in ka je gabas da rijiyar makiyaya ba abin da ya kai gwiwa.

Sana'ar yaran ma ba ta kai shekara biyu ba. Masu saye farar suke so, farar kuwa ta ƙare. Ƴar Cadakori ta zo burona ta ce ba ta gane inda suka yi kuskure ba, sun bi duk abin da na koya musu. Na ce mata haka kasuwa take, wata rana zuma wata rana maɗaci. Ta yi godiya ta fita.

Shekara huɗu ke nan, kuma ban daina zuwa gida ba. Na ma fi zuwa, kuma na fi riƙo kaya: sukari, shayi, atamfa, man zafi na ƙafa. Tana karɓa ta sa albarka. Zuwana na farko bayan abin, na zauna ina jiran faɗa, har ina so ta yi, don mutum in an zage shi yakan ji kamar ya biya. Sai ta ce, "Yaran sun ci jarrabawa?" Na ce sun ci. Ta ce, "To madalla," ta miƙo fura. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba har ta koma ga Allah. Ni kuma kowace shekara sabbin ɗalibai na zuwa, in kunna na'ura hotonta ya fito a allo, in koya musu a ci gefe a bar tsakiya, su rubuta a kaye. Ba wanda ya sake cewa a kai shi wajen tsohuwar, don na daina faɗin sunan garin.

Ganina da ita na ƙarshe da babbar salla ne. Ta rame, ƙafa ta kumbura, amma hannu na aiki. Muna zaune mu biyu, gidan ba kowa, na ce, "Gwaggo, akwai maganar da nake so in yi." Ta tsayar da saƙa. Ta ɗago ta dube ni, ta jira. Ba ta taimake ni ba, ba ta kuma hana ni ba, jira kawai ta yi, kuma na ga a idonta cewa ta daɗe tana wannan jiran. Na buɗe baki na ce, "Maganar ƙafar nan ce, ya kamata a kai ki likita a Maraɗi." Ta ɗan ƙara kallona, sannan ta mayar da ido kan saƙarta ta ce ƙafa ta tsufa ne, likita ba ya maganin shekaru. Na san yafewa za ta yi, wannan ban taɓa shakka ba. Abin da na kasa shi ne in ji kaina ina faɗa.

Kwana shida na zaman makoki ina jin maganar aminiyarta tana yawo, wannan ta faɗa da tausayi, waccan ta faɗa da ɗan jin daɗi, don mutum mai tsabta da yawa akwai masu son a ce ga inda ya ɓata. Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a an raba gumba, maza sun fara watsewa, na shiga cikin gida. Mata na nan cike da tsakar gida, masu saƙa kusan duka, taubashiyata na gefe tana zuba ruwa a randa. Na durƙusa gaban aminiyar Gwaggo na ce ina da magana, a saurare ni.

Na faɗa duka. Na ce na roƙe ta ta hana, na bari ta yi tafiya na zo na yi ƙarya da sunanta, ba ta aiko ni ba, ba ta ma sani ba sai da ta gani da idonta. Na ce duk wadda ke riƙe da wannan a kanta ta sauke ta ɗora mini. Na kai ƙarshe, har na ji wani sanyi na sauka a ƙirjina.

Sai tsohuwar ta laluba ta dafa kaina ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Haka ɗan halak ka yi, shi ɗauki kayan na gaba shi aza ma kainai. Ta yi riƙo, ba ta yi hasara ba." Mata suka ɗauka, wannan na cewa Allah ya ba mu masu rufa mana asiri bayan ranmu, waccan na share hawaye.

Na ce wallahi ba rufin asiri nake ba, gaskiya nake faɗa. Na juya wajen taubashiyata, ta ajiye bokiti ta shige ɗaki da rantsuwarta.

Tsohuwar ta janye hannunta daga kaina. Muryarta ta canza, ta ce, "Mushe, ni ba labari anka ba ni ba. Ina tsaye gabanta, da kunnena na ji ta ce ita ta aiko ka. Shekara saba'in ina tare da matar nan, ban taɓa jin ƙarya ta hito bakinta ba. Yanzu da ƙasa ta ruhe mata ido, so kake ka ce mana ta yi?"

Ƙarya ɗaya ta yi a rayuwarta, don ni ta yi ta, kuma ta yi ta da kyau har ba mai iya warware ta. Na tashi na fita, suna ta sa mini albarka har zaure.

Ya Allah, kai ka san wanda ya aika da wanda bai aika ba. Ka jiƙan Gwaggo, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya mata shi, kada ka tambaye ta kalmar da ta faɗa a bakin gulbi. Ni za ka tambaya.